Shotgan ɗina mai ɗura kanta da rigimar harsashi mara nauyi, bayan wata takwas

Bari in faɗa tun farko, ba zan kama sunan kamfanin da ya ƙera bindigar nan ba, ba wai tsoro ba, kawai dai rabin laifin nawa ne kuma matsalar ba ta kamfani ɗaya bace, duk wanda ya taɓa riƙe shotgan mai ɗura kanta, wato bindigar nan mai watsa ƙananan dalma da yawa a harbi ɗaya, ya zuba mata harsashi mara nauyi ya san zancen, tsayawa take yi ta ƙi ɗauko na gaba. Geji 12 ce (ma'aunin faɗin bututu kenan), tsawon bututu inci 28, ɗakin harsashinta milimita 76 wato inci uku, nauyinta kilo uku da ɗan ɗoriya, kuma da shuri take aiki, wato dukan baya da bindiga ke yi in an harba, ba da gas ɗin albarushi ba, tsarin nan da masu abin ke kira inasha. Wata takwas kenan tana hannuna, galibi harbin faifan laka nake yi da ita, wasan nan da inji ke cilla faifai sama kana harbinsa, farauta kuwa jefi-jefi.

Abin da ya burge ni da ita shine siririya ce. Mariƙin gaba baya cika hannu tunda babu fistin babu tarkacen gas a ciki, in ka ɗaga ta zuwa kafaɗa tana zuwa da kanta, ido na faɗawa kan layin bututun ba sai ka karkata wuya ba. Kunamar tana da ɗan nauyi amma bata da yauƙi, ka matsa ta tashi shikenan. Ga tsafta, wallahi wannan kam sai dai a yaba, ka harba kwali biyar ka buɗe ta kaga ciki kamar ba a taɓa ba, dattin duk ya bi bututu ya fita. Fentin jikin ne dai ba wani na kirki ba, wajen da kwanso ke bugawa in zai fita ya fara goguwa tun sati na uku. Robar gindin kuma tauri gareta, zan dawo kanta don ita ce ta jefa ni cikin wani shirmen.

Toh ranar farko. Na ciro ta daga kwali na haɗa, na ɗan goge bututun da tsumma, ban warware komai ba don zumuɗi ya hana ni, na kwashi harsashi mai dalma giram 24 kwali biyu sai filin harbi. Faifan farko ya tashi na harba ya tarwatse, na biyu ya biyo baya na matsa kunama, shiru. Na sauke na duba sai ga kwanso ja maƙale a ƙofar fita, rabinsa a waje rabinsa a ciki, sakata ta cije shi kamar kare ya kama ƙashi. Sakata nake nufi ƙarfen nan mai kai da komo da ke kulle harsashi a ɗakinsa. Na ja na cire na ci gaba, bayan biyu kuma sai wani salon, kwanson ya fita lafiya lau amma bata ɗauko na gaba ba, ta rufe a kan ɗaki wayam. Wani lokacin ma ko fitowa kwanson baya yi, ta ɗan ja shi ta sake maida shi ciki. A kwali ɗaya mai harsashi 25 sai da ta tsaya min sau tara, ina ƙirgawa don haushi. Mutane na jira a bayana ni kuma sai ja nake da hannu kamar mai bindigar famfo, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, to da na san haka ai da famfon na saya in huta.

Akwai wani dattijo da ke zuwa filin, mai baki biyu yake harbawa tsohuwa, ya daɗe yana kallona bai ce komai ba. Da na fito sai ya ɗauki kwanson da na yar ya juya shi ya karanta rubutun jiki, yace yaro ka karanta littafinta kuwa? Nace a'a Baba. Yace to je ka karanta, ba lalacewa tayi ba, yunwa take ji. Na koma gida na buɗe littafin ga shi nan ƙuru-ƙuru, mafi ƙarancin abin da suka ce a saka mata shine giram 32, wato oza ɗaya da ɗaya bisa takwas, mai diram 3, kuma a fara da harsashi mai ƙarfi kafin ta saki jiki. Diram ɗin nan tsohon ma'auni ne tun zamanin baƙin albarushi, yanzu dai ma'anarsa a giram 32 gudun ƙafa 1200 a daƙiƙa, kusan mita 366. Ni kuma na je na bata giram 24 mai sanyi, wato mara gudu, a ranar farko da giris ɗin kamfani a cikinta.

Wani zai ce to me ya kai ka mara nauyi, ka saka mata abin da take so mana. Malam in kana harba ɗari ko ɗari da hamsin a yini ɗaya kafaɗa ce zata baka amsa, daga baya ma har ƙifta ido zaka fara yi kafin ka matsa kunama, kuma in wannan ɗabi'ar ta kama mutum fitarta aiki ne. Sannan faifan laka baya buƙatar dalma mai yawa, a gasar Olamfik ma ba a yarda a wuce giram 24.5 ba kuma haka suke farfasa su daga nesa. Don haka burina tun farko shine in samu mafi sauƙin harsashin da bindigar zata ci ba gardama.

Sai da na fahimci yadda take aiki sannan komai ya zauna min a kai, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Sakatar kashi biyu ce, akwai kai mai juyawa wanda ke kullewa a jikin bututu, akwai gangar jiki mai nauyi a bayansa, tsakaninsu kuma wani gajeren sifirin ne mai taurin bala'i wanda da hannu baka isa ka danne shi ba. In ka harba, bindigar gaba ɗaya tana yin baya da sauri, ita kuma gangar sakatar saboda nauyinta bata so ta motsa, kamar yadda in direba ya figi mota fasinja ke mannewa da kujera, to sai ta tsaya cak bindiga ta taho ta same ta, wannan sifirin ya matse kamar milimita huɗu. Da shurin ya lafa sai sifirin ya saki ya cilla sakatar baya, kan ya juya ya buɗe, ƙugiya ta jawo kwanso, ya bugi ƙarfen da ke cillo shi waje, sannan dogon sifirin na biyu wanda a tawa yana cikin gindin bindiga (wasu a jikin bututun ma'ajiyar harsashi suke sa shi) ya turo sakatar gaba ta ɗauko sabo. Kaga kenan abincinta shuri ne. Duk abin da kayi na rage shuri to daga bakinta ka cire, kuma duk wani gurzo ko danƙo da ke kan hanyar sakatar daga cikin ɗan ƙarfin nan zai ci rabonsa. Harsashi mai nauyi yana da rara, ko da datti zai ture ya wuce. Mara nauyi bashi da rarar ko kaɗan.

Tsarin ba sabo bane, wani ɗan Suwidin mai suna Sjögren ya yi irinsa tun farkon shekarun 1900 aka ƙera a Denmak, amma wanda ya fito da shi duniya ta sani shine Bruno Civolani na Italiya da kamfanin Benelli daga 1967, yanzu kuwa kamfanoni barkatai ke yi, har Browning da suka dawo da sunan tsohuwar bindigarsu A5 a 2012 da wannan tsarin suka dawo. Kuma rigimar mara nauyi da mai nauyi ta girmi kowa a cikinmu. Asalin Auto-5 ta John Browning, wadda aka yi ta ƙerawa har 1998, bututun ne kacokan ke yin baya, kuma tana da zoben tagulla da zoben ƙarfe da kake sauya musu wuri da hannu, in zaka harba mai nauyi ka haɗa su su riƙe birki, in mara nauyi ne ka maida zoben ƙarfen can ƙasa. Masu gas su ma da nasu. Remington 1100 ta 1963 bututunta mai ɗakin harsashi inci biyu da uku bisa huɗu ƙofar gas biyu gareshi, na magnum wato na manyan harsasai kuma ɗaya tak, shi yasa ta magnum bata son ƙaramin harsashi. Weatherby SA-08 fistin biyu ta zo da su, ɗaya na nauyi ɗaya na sauƙi. Wayon da ya fi burge ni shine na Remington Versa Max ta 2010, ƙofofin gas bakwai suka huda a ɗakin harsashi, gajeren kwanso ya bar su duka a buɗe, dogo kuma tsawonsa da kansa ya toshe wasu. Duk wannan wahalar don abu ɗaya ce, injin da aka auna don ya jure mai ƙarfi ba dole ya motsa da mara ƙarfi ba.

Abu na farko da nayi kuma shi ya fi komai tasiri, wanki. Na tabbatar babu harsashi a ɗaki babu a ma'ajiya, na duba da ido na duba da yatsa, sannan na warware ta kaf. Jikin sakatar duk wani abu ne mai ruwan zuma, ba man aiki bane, maganin tsatsa ne da suke shafawa don zaman sito da tafiyar jirgi, in ka taɓa yana bin yatsa yana zare. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Na kwance robar gindi, na kwance notin da ke riƙe gindin na zare shi, ga bututun dogon sifirin nan. Na samu sandar goge bututu na danna kan sifirin sai naji yana tafiya da ƙyar yana wani ƙuuu kamar tsohuwar ƙofa, in na saki kuma sai ya dawo a hankali kamar mai jin barci. Na fesa maganin wanke giris ta ƙaramin ramin da ke ƙarshe ina dannawa ina saki, abin da ya zubo kan farin tsumma baƙi-baƙi ne da ɗan burbushin ƙarfe mai ƙyalli, ragowar aikin injin kamfani. Sau huɗu ina fesawa kafin ruwan ya fito fes. Na bari ya bushe, na ɗiga mai marar kauri ɗigo uku kacal, na sake dannawa sai naji sumul, ƙarar ma ta canza. Layukan da sakata ke bi a cikin gangar bindiga su ma ɗigo ɗaya-ɗaya, da wajen da kan ke juyawa. Kar ka cika mai, yana tara ƙura kuma da sanyi yana yin kauri. Masu gas ku kuma ku lura, galibin fistin a bushe ake barinsa, in ka jiƙa shi da mai zafi zai dafa shi da baƙin hayaƙi ya zama kwalta, naku aikin shine goge ƙofofin gas da duba zoben roba in bindigar na da shi.

Na biyu shine abin da littafin ya ce tun farko, na samo giram 36 na farauta kwali huɗu na harbe su cikin zuwa biyu. Ba daɗi, kafaɗata tayi shuɗi, amma ko sau ɗaya bata tsaya ba. Da na sake buɗewa sai naga wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe sun yi sheƙi, baƙin fentin ya tafi, to wannan shine sakin jikin da ake faɗa, ba wani sirri bane, gefunan da injin ya bari da kaifi ne ke lallashewa. Akwai masu cewa ka ja sakata baya ka kulle ta ka ajiye sati guda wai sifirin zai yi laushi. Nayi, ban ga wani bambanci ba, kuma dama sifirin mai kyau ba zama a matse ke gajiyar da shi ba, matsewa da sakewa ne. Ja da saki da hannu sau ɗaruruwa kana zaune ya fi wannan amfani, sai dai ka riƙa raka sakatar kar ka bari tana faɗawa da ƙarfi kan ɗaki wayam.

Bayan wannan giram 28 ya fara tafiya, amma can ba a rasa ba sai ta tsaya sau ɗaya ko biyu a kwali, na rasa dalili. Ashe ni ne. Saboda taurin robar gindin nan na je na samo wani ƙarfe mai nauyi da ake cusawa cikin gindi don rage shuri, na kuma ɗaura jakar harsashi guda biyar a gefe don gayu. Wato na ƙara wa bindiga nauyi ta daina yin baya da sauri, na rage harsashi, sannan ina mamakin me yasa bata ɗurawa. Baba mai baki biyu ne ya ɗaga ta ya auna a hannu yace wannan kuma me ka cusa mata? Da na faɗa masa dariya kawai yayi ya miƙo min. Na cire su duka a ranar, na canza robar da mai laushi wadda bata da nauyi. Masu ɗora fitila da doguwar ma'ajiyar harsashi da na'urar saiti a kan bindigar inasha su lura da wannan, kowane giram da ka ƙara yana da farashinsa a wajen ƙaramin harsashi.

Riƙo ma yana da nasa, kuma a nan shawarar da ake bayarwa rabi ce. Kowa cewa yake danna ta a kafaɗa da ƙarfi. A mai gas haka ne. A ta inasha kuwa abu biyu take so, ta samu yin baya da sauri na ɗan ƙiftawa, sannan ta tarar da kafaɗa ta tsayar da ita don sakata ta wuce. In ka jingina gindin da abu mai tauri wanda baya motsi sam sifirin ba zai matse ba, in kuma ka riƙe ta sako-sako tana lilo, ko riga mai kauri ta shiga tsakani, sai bindiga da sakata su tafi baya tare ƙarfin ya salwanta. Na lura yawancin tsayawar da take min a faifan da ke wucewa ta saman kai ne, inda nake miƙewa gindin ya ɗan bar aljihun kafaɗa. Da na gyara tsayuwa na ɗan ranƙwafa gaba sai wannan ya ragu sosai.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya ɗauka, don shi ne ya warware min sauran. Mutane giram kawai suke dubawa a jikin kwali, alhali lamba biyu ce, nauyi da gudu. Ka ninka su kawai zaka samu kimanin abin da bindigar ke ji. Giram 32 a mita 366 ya baka 11,700 da 'yan kai, wannan shine abin da kamfani ya yi alkawari a kai. Giram 28 a wannan gudun 10,200 ne da ɗoriya, amma giram 28 a mita 390 ya haura 10,900, kaga ya kusa kamo na kamfani. Giram 24 a mita 366 bai kai 8,800 ba, a mita 410 kuma ya kai 9,840. Lissafin ba cikakke bane tunda albarushi da robar da ke riƙe dalma su ma suna da nauyi, kuma saurin cin albarushin yana canza kaifin shurin, amma ya isa ya nuna maka hanya. Tawa na gano iyakarta tana wajen dubu goma. Sama da haka tana ci ba ji ba gani, giram 24 mai gudu yana tafiya in tana da tsafta kuma ba sanyi, giram 24 mai sanyi irin wanda na fara da shi kuwa har gobe sai ta ga dama. Irin wanda ake rubuta wa mai rage shuri ko mai rage ƙara, da gajerun nan na inci ɗaya da uku bisa huɗu, kar ma ka ɓata lokacinka, na famfo da mai baki biyu ne, famfon ma ba kowacce ba.

Sai maganar kwanso. Gindin kwanson da kake gani kamar tagulla yawanci ƙarfe ne aka yi wa rufi, ka sa maganaɗisu ka gani. Tagulla in ta buɗe da zafin harbi tana komawa, ƙarfe baya komawa sosai, to in ɗakin harsashi yana da kaushi sai ya riƙe. Wani kamfanin harsashi guda ɗaya ne ke min haka, in na ja da hannu sai naji ya cije, jikin gindin kuma da zane-zane. Na naɗa lallausan ulun ƙarfe mai sifili huɗu a kan tsohon buroshi na ɗan jiƙa da mai na jujjuya a ɗakin na 'yan mintuna, na wanke tas. Sheƙi kawai ake nema ba cin ƙarfe ba, in ka ga kana buƙatar fiye da haka to aikin mai gyara ne.

Ƙarshe dai son zuciya ya sa na sayi dogon sifirin mai laushi, wanda ake sayarwa musamman don ƙananan harsasai. Ban saka da kaina ba don notin bututun da gam suka ɗaure shi sai an ɗan gasa, kuma sifirin ɗin a matse yake in ya kufce ido zai nema, na kai wa mai gyaran bindiga. Yana sakawa yace min malam ka riƙe tsohon, kuma kar ka kuskura ka harba mai nauyi da wannan. Gaskiya ya yi aiki, giram 24 mai sanyin nan ya koma daga tsayawa tara a kwali zuwa ɗaya, wani kwalin ma babu. Amma yana da nasa, sakatar bata komawa gaba da ƙarfi kamar da, in datti ya ɗan taru sai ta tsaya saura ƙiris bata kulle ba. Sannan wata rana na fita farauta na manta shaf, na zuba giram 36, harbin farko naji wani ƙwas a cikin kuncina, ƙarfe ya daki ƙarfe, sakata ta je ta bugi ƙarshen gangar bindiga da dukkan ƙarfinta. Na tsaya a na biyu. Da na buɗe a gida akwai ɗan tabo mai sheƙi a baya inda ta buga, Allah ya taimaka bai wuce haka ba, amma in mutum ya ci gaba a haka tsagewa zata yi. Bayan wata biyu na sa aka maida na asali, don ni bindiga ɗaya gareni kuma ban yarda da ƙwaƙwalwata ba. In kana da wadda ka ware don faifan laka kaɗai to sifirin mai laushi abu ne mai kyau, ka manna mata alama a gindi.

Shawarwarin da na ƙi ɗauka biyu ne. Ɗaya wai in yanke zagaye biyu ko uku daga sifirin da filaya. Yankewa baya sa sifirin laushi yadda ake zato, gajarta shi yake, ƙarfin rufewar ne ke raguwa tun daga farko wato daidai inda kake buƙatarsa. Ɗayar kuma ta masu gas ce, wai a faɗaɗa ƙofar gas da abin huda. Na ga wanda ya yi, ƙaramin harsashi ya tafi kam, amma yanzu in ya saka na farauta kwanson har layin maƙwabci yake zuwa kuma bindigar dukan kanta take, ramin da ka faɗaɗa kuwa baya komawa sai dai sabon bututu. Garin gyaran gira kenan.

Wani abu da ba na harsashi bane amma yana kama da shi har mutum ya ɗora wa harsashi laifi, in ka raka sakata a hankali don kar tayi ƙara, ko hannunta ya ɗan bugi wani abu, kan baya ƙarasa juyawa, ka matsa kunama kaji ƙyas ba harbi. Halin yawancin masu kai mai juyawa ne. Maganinsa ka danna maɓalli ka bar ta ta faɗa da ƙarfinta in kana ɗurawa, kuma ka saba tura hannun sakatar gaba da babban yatsa kafin ka ɗaga. In ta yi maka ƙyas ɗin kuma bakin ya ci gaba da kallon fili, ka ɗan jira kafin ka buɗe.

To a saya ko kar a saya? In farauta ce aikinka kana yawo da ita yini guda kuma giram 32 zuwa sama kake harbawa, saya ido rufe, mara nauyi ce, bata son wanki kullum, ruwa da ƙura basa damunta. In kuma kai ɗan faifan laka ne wanda giram 24 ne abincinsa kullum, ko kafaɗarka bata son wasa, ko yaro zaka koya wa, gaskiya ka nemi mai gas, ta fi laushi a kafaɗa kuma ta fi haƙuri da ƙananan harsasai, sai dai ka yarda zaka riƙa kankare baƙin hayaƙi. Mai ɗakin milimita 89 kuwa, wato inci uku da rabi, in ba agwagin nesa kake bi ba kar ka ɗauka kana tunanin ta fi, sifirinta an auna shi ne don manya, ita ce ta fi kowa raina ƙarami. Haushina da kamfanin ɗaya ne, a jikin kwali da talla sun rubuta tana cin komai, maganar giram 32 kuma suka ɓoye ta can cikin littafi da ƙananan baƙaƙe. In maki zan bayar, huɗu cikin biyar, ɗayan na cire shi don wannan da fentin da robar gindi.

Yanzu dai giram 28 mai gudun mita 390 nake saya, sifirin na asali, ba ƙarin nauyi, bututun sifirin ina wanke shi duk bayan kwali ashirin ko in ruwa ya dake ta. Zuwa shida na baya ko sau ɗaya bata tsaya ba. Giram 24 ɗin nan da ya rage min kwali uku na ba Baba, mai baki biyunsa bata tambayar giram nawa ne.